Komawar Labari ga Mai Bayarwa: Ƙungiyoyin Taimako da Masu Ba Su Gudummawa a Ƙasar Gwarzo da Kabo

1. Gabatarwa

Gwarzo da Kabo ƙananan hukumomi ne guda biyu masu maƙwabtaka da juna a yammacin Jihar Kano. Hanyar mota wadda ta tashi daga birnin Kano ta nufi Dayi cikin Jihar Katsina ita ce ta ratsa su duka biyu. Bisa ƙidayar 2006 mutanen Gwarzo sun haura 180,000, na Kabo kuwa sun haura 150,000, galibinsu manoma ne. Kamar yadda ya ke a sauran ƙasar Kano, da wuya a sami gari a wannan yanki, ko Getso ne ko Kutama ko Garo, wanda ba shi da kwamitin masallaci, ko na makarantar Islamiyya, ko ƙungiyar samari masu gyaran hanya da maƙabarta. Waɗannan ƙungiyoyi ba riba su ke nema ba, ba su kuma da wata taska sai abin da jama'a suka ba su.

Duk wanda ya san ƙauyukan ƙasar Hausa ya saba ganin ginin makaranta ko na masallaci wanda ya kai linta ya tsaya, damina bayan damina tana cin sa. In an tambayi dalili, a kan ce talauci ne, ko kuwa a ce masu hali sun yi rowa. Lalle akwai talauci, akwai kuma rowa. Amma sau da yawa dalilin shi ne, wanda ya ba da kuɗi a karo na fari bai sake jin ɗuriyar kuɗinsa ba, don haka da aka komo masa karo na biyu sai ya noƙe. Manufar wannan takarda ita ce ta nuna cewa a al'adar Hausawa kyauta ba ta cika sai labarinta ya komo ga wanda ya yi ta, ta bayyana yadda zamani ya yanke hanyoyin da labarin ya ke bi, sa'an nan ta faɗi abin da ya kamata ƙungiyoyi su yi domin su gyara.

2. Hanyoyin labari a al'ada

Hanya ta fari ita ce tukwici. In mutum ya aika wa wani da kyauta, wanda aka kawo wa ya kan ba ɗan aike wani ɗan abu, ya haɗa shi da saƙon godiya. Galibi a kan ɗauki tukwici a kan ladan ɗan aike kurum, amma yana da wani aiki bayan wannan. Yaron zai koma ya nuna abin da aka ba shi, ya maimaita kalmomin da aka faɗa, da haka mai kyauta zai tabbata abinsa ya isa hannun da ya nufa, ya kuma gane yadda aka ɗauke shi. Watau tukwici shi ne rasiɗin mutanen da, tun kafin a san takarda. Karin maganar nan da ke cewa yaba kyauta tukwici ta nuna cewa ko babu abin bayarwa, tilas ne magana ta koma.

Hanya ta biyu ita ce shelar maroƙi. A wurin ɗaurin aure ko suna ko naɗin sarauta, sanƙira ya kan ɗaga abin da aka bayar, ya ambaci sunan mai bayarwa da adadin, jama'a suna ji. M. G. Smith ya yi nazarin aikin maroƙan Hausa cikin wata maƙala ta 1957, ya duba yadda roƙo ya ke bayyana matsayin mutane a cikin jama'a. Abin da za a ƙara a nan shi ne, abin da aka yi shelarsa a gaban taro ba ya ɓoyuwa daga baya, gama duk wanda ya halarta ya zama shaida.

Hanya ta uku ita ce biki, watau gudummawar da mata su ke kai wa juna a lokacin hidima, wadda a ke mayarwa da ƙari in hidimar ɗayar ta zo. Littafin tarihin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakinta a 1949 da 1950 aka buga a 1954, cike ya ke da labarin ƙawance da musayar kyauta irin wannan, Karo kuwa kusa da Zarewa ta ke, a kudu maso yammacin ƙasar Kano. Mace ba ta mance abin da ƙawarta ta kawo mata ko da an shekara goma. Da can a ka a ke riƙe wannan lissafi, yanzu kuwa a kan sa wata mai ilmi ta zauna da littafi tana rubutawa. Wannan ya isa shaida cewa ajiye lissafin kyauta ba baƙon abu ba ne, ba kuma a ɗauke shi rashin yarda ba.

Ta huɗu ita ce gayya. Wanda ya zo aikin gayya da fartanyarsa ba ya bukatar a ba shi labari, domin da idonsa ya ga kunyoyin da aka yi kafin rana ta faɗi. Haka nan wanda ya kawo azara ko ya kwaɓa ƙasa a ginin masallacin unguwarsu, kullum a cikinsa ya ke salla. Gani ya kori ji. Muddin mai bayarwa da mai karɓa da aikin suna gari ɗaya, labari da kansa ya ke tafiya, ba wanda ya ke ɗaukar nauyinsa.

3. Abin da addini ya shimfiɗa

Yawancin abin da a ke ba ƙungiyoyin nan da niyyar sadaka a ke ba da shi, saboda haka ba za a fahimci halin masu bayarwa ba sai an dubi abin da suka koya wurin malamansu. Aya ta 271 cikin Suratul Baƙara ta halatta bayyana sadaka, ta kuma fifita ɓoye ta. Aya ta 264 ta yi gargaɗi a kan ɓata sadaka da gori da riya. Wannan ne ya sa mutum mai tsoron Allah ya kan ji nauyin ya tambayi inda kuɗinsa suka shiga, kada a ce yana bin sawun abin da ya riga ya ba Allah. Shirunsa kuwa ba ya nufin ya gamsu. Ba zai yi magana ba, amma baɗi zai kai sadakarsa wani wuri.

Waɗansu shugabannin ƙungiyoyi su kan fake da wannan, su ce aikin Allah ba ya bukatar lissafi. Wannan kuskure ne, gama ayar da ta fi kowace tsawo cikin Alƙur'ani, ta 282 a wannan sura, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, aya ta 60 cikin Suratut Tauba kuma ta ƙayyade kashi takwas na waɗanda a ke ba zakka. Dukiyar da aka ƙayyade masu cinta ba ta rabuwa daidai sai da ƙididdiga. A nan Kano ma, littafin da Shaihu Magili ya rubuta wa Sarki Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499) a kan wajiban sarakuna babi takwas ne, biyun ƙarshe kuwa a kan hanyoyin tara dukiya ne da hanyoyin kashe ta. Dokta Hassan Ibrahim Gwarzo, wanda ya riƙe muƙamin Alƙalin Alƙalan Jihar Kano, a kan rayuwar wannan shaihi da koyarwarsa ya rubuta kundin digirinsa a Jami'ar Landan a 1972.

Ashe ke nan abubuwa biyu ne a ke cakuɗawa. Sunan mai bayarwa haƙƙinsa ne, in ya so a ɓoye sai a ɓoye. Adadin abin da ya shiga hannun kwamiti kuwa amana ce ta jama'a, ba wanda ya ke da ikon ɓoye shi.

4. Sa'ad da mai bayarwa ya yi nisa

Tun da daɗewa mutanen ƙasar Kano su ke fita fatauci da cin rani, amma fatake da 'yan cin rani masu komowa gida ne. Abin da ya sake shi ne, tun bayan kafa Jihar Kano a 1967 da gyaran ƙananan hukumomi na 1976, ilmin zamani da aikin gwamnati da ciniki sun kwashi 'ya'yan karkara masu yawa sun zaunar da su a birnin Kano da Kaduna da Ikko da Abuja, har da ƙasashen waje. Marigayi Alhaji Muhammadu Adamu Ɗankabo, Jarman Kano, wanda ya kafa kamfanin jiragen sama na Kabo Air a 1980 ya sa masa sunan garinsu, misali ne sananne na mutumin da arzikinsa ya bunƙasa a waje, sunansa kuwa yana ɗaure da gida. A bayan kowane attajiri irinsa akwai ɗaruruwan malaman makaranta da direbobi da ƙananan 'yan kasuwa waɗanda su ke aikowa da ɗan abin da ya sawwaƙa. Yau kaso mai tsoka na kuɗin aikin gayya daga hannun mutanen da ba sa kwana a garin ya ke fitowa.

Domin a kai ga irin waɗannan mutane aka ɗauki al'adar ƙaddamar da gidauniya. A kan sa rana, a buga katin gayyata, a naɗa uban taro da babban mai ƙaddamarwa, mai shela ya riƙe lasifika yana faɗin abin da kowa ya bayar. A zahiri wannan shelar sanƙira ce cikin sabuwar riga, amma akwai bambanci babba. Sanƙira abin da ke hannunsa ya ke ɗagawa, mai shelar gidauniya kuwa sau da yawa alkawari ya ke faɗi. A ƙaddara an yi shelar naira miliyan goma, abin da ya shiga hannun ma'aji a ranar miliyan uku ne, saura alkawari. Jama'a sun watse da miliyan goma a ransu. Bayan shekara sai su ga aikin miliyan uku, su ce kwamiti ya ci bakwai. Ma'aji ba shi da bakin kare kansa, domin in ya faɗi gaskiya ya tona asirin manyan gari. Ta haka mutumin kirki ya kan ɓata sunansa a banza, har a wayi gari ba mai yarda ya karɓi ma'ajin kowace ƙungiya.

Tun da wayar hannu ta fara yaɗuwa a Nijeriya a 2001, daga baya kuma aika kuɗi ta waya ya yaɗu, nisan ya ƙaru ta wata fuska. Mutum yana zaune a Ikko zai tura kuɗi cikin daƙiƙa guda, babu ɗan aike, babu tukwici, babu shaida sai saƙon banki. Saƙon banki kuwa iyakarsa ya ce kuɗi sun fita, ba ya faɗin buhun siminti nawa suka saya.

Kalmomi biyu da a ke kiran irin wannan tarin kuɗi da su sun cancanci a lura da asalinsu. Gidauniya babbar ƙwarya ce mai faɗin baki, kowa ya leƙa zai ga abin da ke ciki. Asusu kuwa ɗan tulu ne na yumɓu mai tsaga guda, a na jefa kuɗi, ba a ganinsu sai ran da aka fasa. Ƙungiyoyi da yawa sunan gidauniya su ke amsawa, tafiyarsu kuwa ta asusu ce.

5. Abin da hukuma ta tanada

A 2003, zamanin Gwamna Malam Ibrahim Shekarau, aka yi dokar da ta kafa Hukumar Zakka da Hubusi ta Jihar Kano, domin ta tara zakka da waƙafi ta raba wa mabukata. Matsalar da ke gaban kowace hukuma irin wannan ita ce wadda aka bayyana a sama. Manomi ya san ƙa'idarsa sarai: ɗaya cikin goma na amfanin da ruwan sama ya shayar, rabin haka ga na ban ruwa, ɗaya cikin arba'in na kuɗi in sun kai nisabi shekara ta kewayo. Ya saba ya fid da daminsa ya miƙa wa malaminsa ko gwauruwar da ke maƙwabtaka da shi, ya ga fuskarta, ya ji addu'arta. Wanda ya ce masa ya kawo ofis, tilas ya ba shi wani abu a madadin wannan gani da wannan ji.

Ta wajen dokar tarayya kuma, ƙungiyar da ta ke so ta mallaki fili ko ta yi ƙara da sunanta sai ta yi rajistar amintattunta a hukumar rajistar kamfanoni, bisa dokar 1990 wadda aka sabunta a 2020. Dokar ta wajabta wa amintattu su ajiye littattafan lissafi, su riƙa kai rahoto ga hukumar. Wannan yana da amfani, sai dai rahoton da Turanci a ke rubuta shi, sama kuma ya ke tafiya. Tsohuwar da ta ba da mudun gero ba za ta taɓa ganinsa ba. Ban da haka, yawancin kwamitocin ƙauye ba su da rajista ko kaɗan. Cika sharaɗin hukuma bai ɗauke wa ƙungiya nauyin komawa ga masu ba ta ba.

6. Misalai biyu daga Ingila

Wannan matsala ba ta Hausawa kaɗai ba ce. George Müller ya buɗe gidan marayu a birnin Biristol a 1836, kafin rasuwarsa a 1898 marayu fiye da 10,000 sun bi ta hannunsa. Ka'idarsa ita ce ba ya roƙon kowa kuɗi. Abin da ya ke yi shi ne ya rubuta kowace kyauta kome ƙanƙantarta, ya buga rahoto kowace shekara wanda ya jera abin da aka samu da yadda aka kashe, ba tare da tallata sunayen masu bayarwa ba. Mai kyauta zai duba ya gane tasa, maƙwabcinsa kuwa ba zai gane ba. Ya raba suna da adadi, kamar yadda aka faɗa a kashi na uku.

Thomas Barnardo kuwa, wanda ya buɗe gidan yara marasa galihu a Landan a 1870, hotuna ya ke rarrabawa masu nuna yaro cikin tsumma ran da aka tsince shi, da kuma yadda ya koma bayan an tsabtace shi. A 1877 aka kafa masu bincike a kan ƙarar da aka kai a kansa. Sun wanke shi daga zargin cin kuɗi, amma sun aibata shi a kan cewa waɗansu hotunan shirya su aka yi, suka kuma ba da shawara a kafa kwamiti mai sa ido a kan aikin. Darasin yana da amfani yau, da ya ke kowane sakataren ƙungiya yana da abin ɗaukar hoto a aljihunsa. Ba a sayen yardar mai bayarwa da mutuncin maraya. A ƙauyen da kowa ya san kowa, hoton yaro riƙe da kayan sallar da aka ba shi sadaka zai bi shi har girmansa.

7. Abin da ya kamata ya komo

Na fari, shaidar karɓa. Duk abin da ya shigo, kuɗi ne ko hatsi ko bulo, a yanka masa rasiɗi mai lamba, a kuma aika da godiya cikin kwana biyu ko uku, da baki ko da wasiƙa ko ta waya. Godiyar ta ambaci adadin da aikin da aka nufa da shi. Wanda ya ba da naira ɗari biyar ya sami tasa kamar yadda mai dubu ɗari biyar ya samu, domin masu ƙaramin hannu su ne su ke ɗorewa.

Na biyu, lissafi. A raba shafin alkawari da shafin abin da ya shigo, kada a yi shelar jimla sai ta abin da ke hannu. Bin alkawari kuwa a bar wa dattawa biyu su je a asirce. A ƙayyade lokacin karanta lissafi, misali bayan kaka da bayan ƙaramar salla, a karanta shi da Hausa a gaban dagaci da liman, a lika kwafe a ƙofar masallaci da boko da ajami, a aika wa na nesa. A jera kyaututtuka da lambar rasiɗi maimakon suna, sai wanda ya yarda a ambace shi. Wanda ya ke riƙe kuɗi kada ya zama shi ne mai riƙe littafi, a kuma sami mutum biyu daga wajen kwamiti su duba kafin a karanta.

Na uku, gani da ido. Zumunta a ƙafa ta ke. Lokacin salla, sa'ad da 'yan gari su ke komowa gida, shi ne lokacin da ya dace a zaga da su su ga aikin, ba tare da an miƙa musu ƙoƙon bara a wannan rana ba. Ƙungiyar da ba a jin muryarta sai tana neman kuɗi, ba a daɗewa a ke daina amsa sallamarta.

Na huɗu, wanda ya fi wuya, labarin abin da ya ɓaci. In farashin siminti ya tashi, ko ruwa ya rushe katanga, ko an haƙa rijiya ba a sami ruwa ba, a faɗa da wuri, kwamiti ya riga jita-jita isa. Mai bayarwa manomi ne ko ɗan kasuwa, ya san asara, yana kuma iya yafe ta. Abin da ba ya yafewa shi ne ya ji a bakin wani.

8. Ga malaman kwalejoji

A kusan kowane ƙauye malamin makaranta a ke ɗora wa sakataren ƙungiya, domin shi ne a ke ganin ya iya alƙalami. Haka abin ya ke tun zamanin Yaƙi da Jahilci cikin shekarun 1950, sa'ad da karatun boko ya fara shiga karkara sosai, har a ke buga wa Lardin Kano jaridarsa mai suna Sodangi. Amma har yanzu ɗalibi ya kan gama kwaleji ya iya rubuta wasiƙar neman aiki, bai taɓa rubuta wasiƙar godiya ga mai gudummawa ba, bai kuma taɓa tsara shafin shiga da fita da Hausa ba. Zai kyautu a sa waɗannan cikin darasin insha'i, a kuma riƙa tura ɗalibai lokacin hutu su tattaro kalmomin kyauta da godiya da lissafi daga bakin tsofaffin garuruwansu, su rubuta yadda a ke shela da yadda a ke mayar da biki, tun waɗanda suka san abin suna da rai. Sashen nazarin Hausa zai sami abin adanawa, ƙauyuka kuma za su sami sakatarorin da suka san cewa aikinsu bai ƙare ba ran da kuɗi suka shigo.